Ruwan da Muka Ba Baƙo

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a masaukinki na Zariya, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokan zama na kirki. Innarki tana gaishe ki. Tun da motarku ta ɗaga daga tashar Yankara take share ido da bakin zane tana cewa hayaƙin murhu ne. Ban ƙaryata ta ba, don ni ma hayaƙin ya same ni, alhali ban leƙa madafi ba.

Kin san bakina ba ya iya kiran sunanki tunda na mahaifiyata ne, saboda haka ko a takarda Uwata za ki ci gaba da zama. Ranar tafiyarki na so in zaunar da ke mu yi magana, sai gida ya cika, kowa da tasa nasihar. Tawa a kan Turanci take, kuma na san za ki yi dariya. Ke da kika gama makarantar 'yan mata har aka ɗauke ki koyon aikin jinya, me tsohon heluman titi zai koya maki? Turancinki ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai dai ke a aji kika samu naki, ni kuwa kowace kalma sai da na sha kunya a kanta kafin ta zauna mani. Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da Bature ke sawa a gaban maganarsa. Da su yake roƙo, da su yake alkawari, da su yake cewa ba zai iya ba. A lokacin da nake fama da su ne garinmu ya kusa rasa rijiya. Kina makarantar kwana sa'ad da aka yi abin, guntu-guntu kika ji, yau ga shi daga bakin wanda ya yi.

Ni dai a bakin titi na koyi Turanci, lokacin da ake gyaran hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Na fara da lebura, na kai heluma, wato shugaban leburori. A wurin aikin titi ba a roƙon kowa. Abin da kunnena ya saba ji shi ne "You must come early," wato dole ka zo da wuri, da "You must finish today," wato dole ka gama yau, sai in rana ta yi a ce "You can go," an sallame ka ke nan. Na kwashe waɗannan na dawo gida da su, a zatona Turancin duniya duk na gama da shi. Mutanen Unguwar Ɗorawa suka sa mani suna Baturen gari, ni kuma ban ce a'a ba, har wani taku na ƙara.

Ba sai na tuna maki tafkinmu ba. A cikinsa shanu ke sha, a cikinsa ake wanki, daga cikinsa muke ɗiba mu kai randa. Kowace damina, daidai lokacin da gona ke neman mai ita, sai kurkunu ya kwantar da rabin majiya ƙarfin gari. Ka ga ƙato zaune a zaure, ƙafa kumbure, yana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, ciyawa kuwa tana can tana cinye mashi dawa. Mun ɗauki abin a matsayin rabonmu. Ana nan sai kuɗin mai suka buɗe, rediyo ya fara faɗin gwamnati za ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Aka ce akwai wani injiniya a Funtuwa da ke zagayawa daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa yana duba inda buƙata ta fi tsanani, domin ƙauyukan sun fi rijiyoyin yawa. Baba Mai'unguwa ya kira ni ya ce, "Kai ne mai bakinsu. Tahi ka samo muna."

Na sa babbar rigata ta salla na nufi ofis. Na iske akawu yana buga tafireta. Na tsaya a kansa na buɗe murya irin ta bakin titi na ce, "I must see the engineer. You must call him." Uwata, dole fa na ce ya tashi ya kira mani maigidansa, kamar wani leburana. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna mani benci, ya ci gaba da aikinsa. Na zauna har aka tashi ofis. Duk wanda ya zo bayana ya shiga ya fito, ni ina nan da babbar riga ina zufa. Amma zaman bai tafi a banza ba, don na kasa kunne. Na ji wani ɗan kwangila ya ce, "Could I see him, please?" Wani kuma ya ce, "Would you tell him I am here?" Duk tambaya suke yi, ba wanda ya ba da umurni. A hanyar gida na yi ta maimaita su cikin mota har yaron mota ya ɗauka wuridi nake yi. Da na koma na faɗa wa akawun nan haka, sai ya tashi da kansa ya buɗe mani ƙofa.

Abin da na gane shi ne, mu in za mu roƙi babba muna da cire takalmi, muna da durƙusawa, muna da ranka ya daɗe da sannu da aiki. Shi Turanci bai da waɗannan, duk ladabinsa a cikin 'yan kalmomin nan ya zuba shi. Wanda ya ce "could you" ko "would you" ko "may I" ya durƙusa ke nan, ko da a tsaye yake. Saboda haka in za ki nemi abu wurin sista ko likita, ki shiga da su. Ki yi wa mai shara da mai gadi haka nan, ba abin da zai rage maki. Ita "must" ki adana ta, ba ta kullum ba ce. Ranar da rai ke kan gargara, ranar da majinyaci ya ƙi shan magani, ki fito da ita ki faɗe ta da ƙarfi, a lokacin za a ji nauyinta tunda ba a saba jin ta a bakinki ba.

Injiniyan Bature ne dogo, mai jan wuya, mutanenmu daga baya Dogo kawai suke ce mashi. Ya saurare ni da kyau, ya tambayi inda garinmu yake, sannan ya ce, "I might come on your market day." Ni dai "come" na ji, da ranar kasuwa. Na dawo gida ina kaɗa riga na ce wa Baba Mai'unguwa, "Yana tahe ran kasuwar Yankara, ba makawa." Aka kayar da rago, mata suka kwana biyu suna dakan fura, aka share gari tas. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa muka zauna, duk ƙarar motar da aka ji sai a miƙe. Har la'asar sakaliya ba Dogo ba dalilinsa. Mu muka cinye ragonmu. Baba Mai'unguwa yana tsotsar ƙashi ya ce, "Baturen gari, halan dai kai ne baƙon da aka yanka ma ragon ga?" Aka yi ta dariya, ni kuwa na ajiye nawa naman.

Da na koma ina ƙorafi, Dogo ya yi mamaki. Ya ce shi bai yi alkawari ba. "Might" ya ce, irin tamu ta "wataƙila" ko "sai mun gani". Da alkawari ne da "will" zai ce. Laifin nawa ne, na ji abin da raina ke so na bar abin da mutum ya faɗa. Ki kiyayi wannan, Uwata. In likita ya ce mai yiwuwa majinyaci ya tashi, kada tausayi ya sa ki je ki ce wa danginsa zai tashi. Ki kai magana yadda aka ba ki ita, kada ki ƙara mata gishiri. Ke ma kada kunya ta sa ki ce "I will" a kan abin da kika san ba ki da ikonsa. Na san halinki, na innarki ne, "to" ta fi kusa da bakinku. "I can't" ba rashin kunya ba ce. Mutumin da ya ce maki ba zai iya ba ya yi maki alheri, don ba za ki yanka ragonki a banza ba. A ranar dai Dogo ya ce, "I will come," kuma ya zo.

A nan ne muka yi babban kuskuren, kuma wannan ba Turanci ya jawo shi ba, mutuncinmu ne. Kin san mu da baƙo. Tun jajibiri Baba Mai'unguwa ya sa aka ɗaura wa jakuna tuluna aka tafi har Yankara aka ɗebo ruwan rijiya garai-garai. Aka zuba a sabuwar randa da aka turara, ya yi sanyi. Aka ce duk mai kurkunu ya zauna cikin gida, bai kamata baƙo ya ga ana jan ƙafa ba. Ni da bakina na bi gida-gida na isar da saƙon. Dogo ya sauka daga Landirobarsa ya iske gari fes, mutane tsaf cikin wankakkun riguna. Aka kawo mashi ruwa a sabon ƙoƙo da faifai a rufe. Ya sha, ya ƙara, ya yaba. Aka kawo fura da nono, aka kawo nama. Ya ce in tambayi dattawa ina lafiyar gari, suka haɗa baki suka ce, "Lahiya lau, sai godiya." Ni kuma na juya mashi da Turanci ba ragi. Ba wanda ya ambaci rijiya, don ba a ɗora wa baƙo buƙata yana kan tabarmarka, ai ya san abin da ya kawo shi. Ya tafi yana ɗaga mana hannu, mu kuma muna ta murna mun fita kunya.

Bayan 'yan makonni na gamu da direbansa a tashar Funtuwa. Ya ce, "Ai maigida ya yaba garinku ƙwarai. Ya ce duk zagayen nan bai sha ruwa mai daɗin naku ba, ku ba ku da matsala. An kai rijiyarku wani ƙauye can wajen Mabai." Uwata, sai da na nemi wuri na zauna. Dogo bai cuce mu ba. Abin da muka nuna mashi shi ya gani.

Na shiga wurinsa na roƙe shi da dukan ladabin da na koya. Na ce ko zai yarda ya sake zuwa, domin akwai abin da ba mu nuna mashi ba. Ya ce saura rijiya guda da ba a yanke inda za a kai ta ba, kuma yana da tafiya Sabuwa. Ya ce, "I will stop, but I can't promise a well." Zai tsaya, amma bai yi alkawarin rijiya ba. Wannan karon haka na kai maganar gida, ban ƙara ko wasali ba.

Daminar nan innarki ma tana kwance, abin ya fito mata a idon sawu. Da safe ina ba ta labari tana jingine da bango, sai ta ce, "Malam, kai duk Turancin nan naka, ba a hwaɗin gaskiya da shi ne? Ga ƙwaryata nan. In ya zo ka tahi tafki ka ɗebo mashi abin da ɗiyanmu ka sha." Na ce mata wannan ai tonon asiri ne. Ta ce, "Wane asiri ya rage? Dubi ƙahwata."

Na samu Baba Mai'unguwa na faɗa mashi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Mi? Mu miƙa ma baƙo ruwan da shanu ka tsayawa ciki? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba. In aka ji a garin Ruwan Godiya, da wane ido za mu shiga kasuwa? A aika jakuna Yankara." Da a da ne, da sai in ce "to" in tashi. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gahwarce ni, wanga karon ba ni iyawa." Sai ya ce, "To, duk abin da ya biyo baya, bisa kanka." Daga ranar ko na gaishe shi sai dai ya ɗaga hannu. Ban ɓoye maki ba, na ji tsoro. Mutumin nan shi ya yi mani waliyyi na auri innarki. In Dogo ya ji an wulaƙanta shi ya tashi ya tafi, na rasa rijiya, na rasa dattawa, kuma a garin zan ci gaba da zama.

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, Dogo ya zauna, dattawa suka kewaye shi. Na hango ana tahowa da sabon ƙoƙo da faifansa. Na riga mai kawowa, na durƙusa gaban baƙo da ƙwaryar innarki. Ruwan kore-kore ne, ƙasa-ƙasa, ga 'yan ƙananan abubuwa suna yawo a ciki. Na ji wani dattijo a bayana yana salati.

Na ce, "Would you drink this, sir?" Wato ko zai sha wannan.

Ya leƙa ƙwaryar, ya sunsuna, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "I can't."

Na ce, "We can't, sir. But we must." Mu ma ba ma iyawa, amma dole muke sha. Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai, kamar yadda nake yi kowace rana ta Allah. Ban kai ga shanyewa ba ya riƙe mani hannu.

Ni dai kaina yana ƙasa, jira nake in ji Baba Mai'unguwa ya ce a fitar da ni. Sai na ji motsin riga. Na ɗago, na ga tsohon nan ya miƙe ƙafarsa ta dama bisa tabarma, ya janye babbar riga, yana kwance wani tsumma a hankali. Ashe shi ma yana da shi. Duk zaman da aka yi da baƙo a karon farko, da wannan ƙafar ya zauna yana murmushi, ba wanda ya sani. Ga tsinke, ga tsutsa a naɗe, ga ƙafa ta kumbura. Ya dube ni ya ce, "Baturen gari, hwaɗa mashi wanga shi ne lahiya lau ɗin." Sannan ya juya ya ce a buɗe gidaje, duk mai ciwo ya fito. Suka yi ta fitowa, mai sanda, mai rarrafe, wanda aka goyo. Ban san sun kai haka yawa ba sai da na gan su wuri ɗaya.

Dogo ya cire hularsa. Ya ce, "May I see the pond?" Izini fa yake nema a kai shi tafki. Muka raka shi, ya tsaya a baki yana kallon shanu a ciki da mata suna cika tuluna a gefe. A nan na yi mashi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Na ce, "Will you dig it, sir?" Na kasa kunne sosai, don na san bambancinsu yanzu. Ya ce, "I will."

Da rani motar haƙa ta iso, ƙararta har Yankara ana ji. Gari duka ya tare a wurin, aka bar sana'a. Ranar da ruwa ya yi tsiri sama, fari tas, na ji guɗa ta tashi daga kowane lungu. Yara suka shiga ciki da rigunansu, Liman yana kabbara hawaye na bin gemunsa. Innarki, wadda ko a bikinmu ba ta taka rawa ba, na gan ta tsakiyar mata tana juyi da ɗingishinta. Daminar da ta biyo baya an ɗan taɓa kwanciya, don abin ya riga ya shiga jikin wasu. Ta bayanta kuwa kowa a gonarsa ya yi ta, rumbuna suka cika har muka gina sababbi. Mun ci nasara, Uwata, kuma ina alfahari da ita, ban ga dalilin ɓoyewa ba. Yanzu in Baba Mai'unguwa yana ba baƙi labarin, cewa yake shi ya sa ni in ɗebo ruwan tafkin. Ni kuma sai in ce ƙwarai kuwa, haka aka yi, ranka ya daɗe.

Ga abin da nake so ki riƙe. Mutanenmu za su zo maki asibiti daga ƙauyuka irin namu, da wankakkiyar riga, ki tambaye su jiki su ce da sauƙi. Ba ƙarya suke yi ba, mutunci ne, da shi aka rene su. Kada ki rubuta "da sauƙi" ki wuce. Ki zauna, ki nemi izini da ladabi, ki ce ko za su bari ki ga ƙafar. Ke kin san abin da ke ƙarƙashin rigar, likitan da ya zo daga wata ƙasa bai sani ba. In kin tsaya tsakaninsu kina juya magana, ki juya mashi har abin da kunya ta hana su faɗa.

Saura ke kanki. Na san takardar da za ki rubuto mana tun ba ki rubuta ba: lafiya lau, karatu lafiya, abinci lafiya, kada mu damu. Zariya ba gida ba ce. Akwai ranar da za a yi maki tsawa gaban mutane, akwai ranar da karatu zai ƙi shiga, akwai ranar da za ki rasa majinyacin da kika saba da shi ki rasa wanda za ki faɗa wa. In irin ranar ta zo, kada ki aika jakuna Yankara saboda ni. Ki miƙo mani abin da kike sha yadda yake. Ni ba baƙonki ba ne, ubanki ne.

Allah Ya tsare mani ke daga sharrin dare da na rana, Ya sa albarka a hannunki duk wanda kika taɓa ya samu sauƙi, Ya ba ki harshen da za ki roƙa a ba ki, ki yi alkawari ki cika. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da farar riga da idanunmu. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Malam Sani Heluma,
Unguwar Ɗorawa, ta Yankara.